Gyaran Cikin Rumbu: Wane Yaɓe Za Ka Zaɓa?

Ƴan uwa manoma na ƙasar Cake, wadda ake rubutawa Tchaké a takardun gwamnati, da na Mayahi da Tasawa baki ɗaya. Yau maganarmu a kan cikin rumbu take. Gyaran bayan rumbu kowa ya san shi: in jinka ta tsufa a sake ta, in ruwa ya zaizaye bango a yaɓe. Amma cikin, inda hatsi yake kwana wata takwas ko goma, ba kowa ke leƙa shi ba sai ran da za a zuba sabon amfani. Ran nan kuwa lokaci ya riga ya ƙure, dammuna na jibge a bakin rumbu, ba wanda zai tsaya kwaɓa laka.

Rumbu iri biyu muka fi sani a ƙasarmu. Akwai rumbun zana, wanda ake kafawa bisa gadon itace, akwai kuma ruhewa, wato rumbun ƙasa, wadda wasu ke ce wa rufewa. Yawancin abin da za mu faɗa ya shafi ruhewa da ɗakin ajiya na ƙasa, amma za mu komo kan rumbun zana a gaba.

Abin da ke ɓoye a bango

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin rumbu, abin da ke shiga tsagar ya fi ƙadangare ɓarna. Ƙwarin da suka ci hatsinka bara ba su tafi ko'ina ba. Ƙwayayensu da tsutsotsinsu suna nan kwance cikin tsagar bango, da ƙarƙashin tsohon yaɓe da ya kumbura, da cikin ƙurar da ta taru a gindin rumbu. Akwai ma wata ƙaramar tsutsa mai gashi, ta wani ƙwaro da masana ke kira kafra, wadda in abinci ya ƙare sai ta shige tsaga ta kwanta, ta wuce shekara guda ba ta ci komi ba, ba ta kuwa mutu ba. Da ka zuba sabon hatsi sai ta farka. Ka ga ke nan mutum na iya kawo hatsi lafiyayye daga gona, rumbunsa da kansa ya sa masa cuta.

Ban da ƙwari, akwai gara, wadda ke hawowa daga ƙasa ta bi tsakanin bango da yaɓe ba a gani. Akwai kusu, wanda ƙaramar kafa ta ishe shi. Akwai kuma laima, mai kawo hunhuna. Hunhuna a kan gujiya ba ƙaramin abu ba ce, domin tana haifar da wata guba mai cutar da hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Gaskiya ne hatsin da aka ajiye a zangarniyarsa yana da ƙarfin jimrewa, ya fi sussukakke nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun ajiye shi shekara biyu har uku a ruhewa, shi ya sa ba mu cewa a raina rumbun gargajiya. Amma sun yi haka ne a ruhewa mai santsin ciki, wadda ake dubawa kowace shekara.

Mu yi ɗan lissafi. Tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Mu ɗauka abin da ke rumbunka, in an sussuke, buhu 10 ne, wato tiya 400. In ƙwari da kusu da laima suka ci kashi ɗaya cikin goma, tiya 40 ta tafi. Gidan da ke cin tiya 2 a yini ya yi asarar cimakar kwana 20. Kwanakin nan 20 kuma ba da kaka za a ji su ba, sai a watan Yuli ko Agusta, lokacin da ake tsakiyar noma, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada a kasuwa. Wanda ya ga yunwar 1973 da 1974, ko ta 1984, ko wahalar da jihar Maraɗi ta sha a 2005, ba sai an gaya masa darajar kwana 20 ba.

Kafin ka zaɓi komi

Ko wane irin gyara za ka yi, aikin farko ɗaya ne. Ka fitar da duk abin da ya saura, har tsohuwar zangarniya ta ƙarshe. Ka share da tsintsiya tun daga sama har ƙasa. Sharar kada ka zubar da ita a gindin rumbu, ka kai ta nesa ka ƙone.

Sa'an nan ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa. Inda ya yi ƙara kamar ƙwarya a kife, yaɓen ya rabu da bango, akwai rami a bayansa. Ka ɓamɓare shi duka har ka iske ƙasa mai ƙarfi. Nan ne mutane da yawa ke yin ganganci, su shafa sabo bisa tsohon da ya saki. Sabon zai riƙe tsohon, amma tsohon ba ya riƙe da komi, sai su faɗo tare, ko kuma su bar wa gara ɗaki a bayansu.

In ka iske hanyar gara, ka bi ta har inda ta shigo. Ka duba duwatsu ko itatuwan da rumbu ke zaune a kai. Ka duba murfi da jinka. Bangon da ke jiƙewa daga sama ko daga ƙasa, babu yaɓen da zai zauna a kansa. A toshe hanyar ruwa tukuna.

A ruhewa kana iya sa ɗan garwashi a kasko da ƙaiƙayi da ganyen bedi, wanda wasu ke ce wa dogon yaro, ka rufe baki hayaƙi ya cika ta yini guda. Sai ka sauke jinka ka kai ta nesa kafin ka fara, ka kuma tsaya a wurin. A rumbun zana kuwa kada a kusantar da wuta ko kaɗan.

Zaɓi na ɗaya: laka da ƙaiƙayi da kashin shanu

Wannan shi ne yaɓen iyaye da kakanni, kuma ga bangon ƙasa har yau babu wanda ya fi shi dacewa. Dalili shi ne jinsinsu ɗaya da bangon. In zafi ya yi su buɗe tare, in sanyi ya yi su tsuke tare, laimar da ta shiga kuma ta samu hanyar fita.

Wahalarsa a wajenmu ita ce samun laka. Ƙasarmu yawancinta jigawa ce, rairayi ne, ba ya kama jikinsa. Sai an je bakin tabki ko fadama, ko a samo ƙasar tsohon suri wanda gara ta bari, wadda ke da danƙo ƙwarai. Ita kuma laka tsantsa in ta bushe tsagewa take. Saboda haka sai an haɗa ta da rairayi, kuma babu awo ɗaya da zai dace da kowace ƙasa. Ga yadda za ka gane naka. Ka kwaɓa kashi uku: na farko laka awo 1 da rairayi awo 1, na biyu laka 1 da rairayi 2, na uku laka 1 da rairayi 3. Ka shafa kowane a jikin bango, faɗin tafin hannu biyu, ka bari kwana biyu. Wanda ya tsage, laka ta yi masa yawa. Wanda ke zuba in ka murza da yatsa, rairayi ya yi masa yawa. Wanda ya zauna lafiya, shi ne awonka.

A cikin kwaɓin sai ka zuba ƙaiƙayin hatsi mai laushi, da ɗanyen kashin shanu ko na jaki. Su ne ke ɗaure yaɓen kamar zare a cikin tufa. Ka rufe kwaɓin ya kwana uku ko huɗu, kana tattaka shi kowace safiya, har ya ruɓa ya yi laushi. Kwaɓin yau a shafa yau ba ya ƙarko.

Wajen shafawa, ka fara karce bangon, ka yayyafa masa ruwa, don busasshen bango yana tsotse ruwan yaɓe tun bai kama ba. Ka cika ramuka da tsaga ka bari su sha iska. Sa'an nan shafi na farko, kaurinsa kada ya wuce santimeta 1 da rabi. In ya bushe sai na biyu, siriri, da lakar da aka tankaɗe, ba ƙaiƙayi mai kauri. Tun yana da ɗan danshi ka goge shi da dutse mai santsi ko gindin kwalba, yadda mata ke goge tukunya. Wannan gugar ita ce ke rufe ƙananan kafofin da ƙwaro zai sa ƙwai. Inda bango ya haɗu da ƙasa kada ka bar lungu, ka lanƙwasa shi kamar cikin ƙwarya, don tsintsiya ta iya kwashe komi.

Ruhewa mai faɗin mita 2 da tsawon mita 2, bango da ƙasa duka sun kai kamar murabba'in mita 16. A kaurin santimeta 1 da rabi, kwaɓin da za ta ci ya kai lita 240, wato bokiti 16 masu lita 15. Aikin mutum biyu ne da amalanke guda. Kuɗinsa kaɗan ne, gumi ne mai yawa. Aibinsa shi ne yana son a duba shi kowace shekara, kuma in gara ta samu hanya ƙaiƙayin da ke ciki abincinta ne.

Zaɓi na biyu: ruwan bagaruwa

Wannan ƙari ne a kan na farko. Ƴaƴan bagaruwa, waɗanda majema ke jima da su, in aka daka aka jiƙa ko aka tafasa, ruwansu yana sa ƙasa ta yi tauri ta rage shan ruwa. A ƙasashen kudu, inda ɗorawa ke da yawa, makuba suke sa wa, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Maginan Kano da Zariya kuma suna da laso, wanda suke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, amma shi na rufin soro ne da bayan bango, kayan haɗinsa kuma ba su samuwa a wajenmu.

Wurin da ruwan bagaruwa ya fi amfani shi ne ƙasan ɗakin ajiya. A zuba ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwan, a daɓe da madaɓi, gobe a sake yayyafawa a sake daɓewa, har kwana uku. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan aiki. Daɓen da aka yi haka yana shara da kyau, kusu kuma yana shan wuya kafin ya huda shi. A bango, kana iya kwaɓa shafi na biyu da ruwan bagaruwa maimakon ruwan rijiya. Zai yi duhu, ba laifi ba ne.

Zaɓi na uku: farar ƙasa da toka

Farar ƙasa iri biyu ce. Akwai wadda ake haƙowa, da mata ke shafe ɗaki da ita. Akwai ta kanti, wadda ake samu daga ƙonannen dutse. Ta kanti ta fi kaifi, tana hana hunhuna kama bango, amma tana cin hannu, in ta shiga ido kuma da haɗari. A dama ta da ruwa da yawa, kamar nono tsinkakke, a shafa sau biyu ko uku. In aka yi ta da kauri ɓarewa take kamar ɓawon ƙwai.

Babban amfanin farin bango shi ne gani. A cikin baƙar ruhewa ba ka ganin sabuwar tsaga ko hanyar gara sai ta yi nisa. A farin bango kuwa da ka leƙa da fitila za ka gan ta. Amma ka sani farar ƙasa ba ta toshe rami, ba ta kuma riƙe bangon da ke zuba. Bayan yaɓe take zuwa, ba ta maye gurbinsa.

Wanda bai da kuɗin farar ƙasa, toka na nan a murhu. A tankaɗe ta a barbaɗa a ƙasan rumbu da kauri kafin a jera dammuna. Toka mai laushi tana kankare man da ke jikin ƙwaro, ya bushe ya mutu. Ana kuma shimfiɗa busasshen ganyen bedi tsakanin jeri da jeri. Waɗannan suna rage ɓarna, ba su kawar da ita duka.

Zaɓi na huɗu: siminti

Da yawa suna ganin in Allah ya hore kuɗi, siminti ne ƙarshen magana. Ku saurara da kyau. Siminti a kan bulon siminti ko dutse abu ne mai kyau. Mangazar ƙungiya ko ta bankin cimaka, wadda ake tara buhuna ɗaruruwa a ciki, ta cancanci daɓen siminti, don ya fi sauƙin shara, kusu kuma ba ya huda shi. Amma siminti tsantsa a kan bangon laka ba su zama lafiya. Laka tana motsi da zafi da sanyi, siminti ba ya bin ta. Bayan damana ɗaya ko biyu sai ya saki, ya tsaya kamar faranti, a bayansa ga rami. Laimar da ta shiga bangon daga waje ba ta samun mafita, sai ta taru a nan ta jiƙa lakar. Gara kuwa ta samu gida mai rufi. Ka sayi buhun siminti na Malbaza da kuɗin hatsinka, ka gina wa abokin gabarka ɗaki.

In lalle kana son ƙarfin siminti a bangon ƙasa, to a rage shi: siminti awo 1, ƙasa mai rairayi awo 10 zuwa 12. Ba ya jituwa da laka mai danƙo ƙwarai. A kwaɓa kaɗan kaɗan, abin da za a shafe cikin awa guda, a kuma riƙa yayyafa masa ruwa har kwana 7. A ƙauyen da rijiya ke da zurfi, ana jan ruwa da dabba, wannan ruwan ma sai ka sa shi cikin lissafi. Ka gwada a wuri kaɗan tukuna, kamar yadda muka faɗa a kan laka.

Zaɓi na biyar: tabarma

Allah ya ba mu goruba a Gulbin Kaba, ga kuma mata masu saƙar tabarma. Wasu suna shimfiɗa tabarmar kaba a ƙasan ruhewa, su jingina wata a bango, don hatsi kada ya taɓa ƙasa. Dabara ce mai kyau in an kiyaye sharaɗi guda: kada a kafe ta, kada a yaɓe ta a jikin bango. A bar ta yadda za a iya fitar da ita duk shekara, a kakkaɓe, a shanya a rana mai zafi yini biyu, ana juyawa. Tabarmar da ta shekara biyu a ciki ba a ɗaga ba, duk saƙarta ta zama gidan ƙwari. Kuma tabarma ba ta gyara bango, rufe shi kawai take. Wanda ya sa ta don ya ɓoye tsaga ya ɓoye wa kansa ne.

Abubuwa uku da za a guje wa

Na farko, manna leda a jikin bango. Da rana bangon yana zafi, da dare ya huce, sai gumi ya taru a jikin ledar. Hatsin da ke jingine da ita shi ke fara hunhuna. Ledar kuma ba ta rufe rumbun ruf yadda ƙwaro zai rasa iska, ga kusu na yayyaga ta ya yi sheƙa.

Na biyu, fentin mai. Yana toshe numfashin bango, ba ya kama laka da kyau, warinsa kuma yana shiga hatsi.

Na uku, baƙin man inji. Wasu suna shafa shi a gindin itacen da za a binne don gara. A cikin rumbu kuwa, ko a kan itacen da hatsi zai taɓa, kada a sa shi sam. Akwai guba a cikinsa, abin da ya taɓa cimaka kuma cikin ƴaƴanka zai ƙare.

Rumbun zana

Shi rumbun zana ƙarfinsa iska ce. Tana ratsa shi ta ƙarasa busar da zangarniya. Saboda haka kada a yaɓe shi duka, kada kuma a naɗe shi da leda. Gyaransa shi ne a kwance karan da ke shimfiɗe a gado a ƙone, a sa sabo. Zanar da ta ruɓe a sake ta da sabuwar gamba. Wadda ke da sauran ƙarfi a bubbuge ta da sanda, a bar rumbun a buɗe rana ta shiga. A duba dirkoki ɗaya ɗaya. Ƙirya ce gara ba ta so, amma ta yi wuyar samu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya kamata mu riƙe sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana gyara shi, aikin da ya fara bunƙasa a jihar Maraɗi tun shekarun 1980. Gadon rumbu ya yi sama da ƙasa kamar kamu biyu, a share ciyawa da tarkace a kewaye, don kusu ba ya son fili. Guntun kwano da aka lanƙwasa kamar mazurari a kife, aka ɗaura wa kowace dirka, yana hana shi hawa.

Wake: yaɓe kaɗai bai isa ba

A nan sai mu faɗi gaskiya. Ko ka goge cikin ruhewarka ya yi santsi kamar tangaran, wake ba zai tsira da wannan kaɗai ba, domin ƙwaronsa tun daga gona yake shigowa a cikin kwanso. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro bai wuce wata guda ba, kowace mace kuma tana zuba ƙwai gommai. Kafin wata shida sai ka iske waken duk huji.

Maganinsa shi ne hana shi iska. Masana na jami'ar Purdue ta Amurka sun fara gwajin buhu mai rufi uku a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka shiga yaɗa shi a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da sunan PICS, ma'aikatan INRAN na Maraɗi kuma suna cikin waɗanda suka yi binciken. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. A duba kowace leda ko da huji, a zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowane rufi dabam. Ƙwarin da ke ciki suna shanye ƴar iskar da ta saura, su daina ci, su mutu. Ba a sa magani ko kaɗan. Bambancinsa da ledar bango shi ne wannan a rufe yake ruf. Bido mai murfi ko gangar ƙarfe ma suna wannan aiki, in dai an cika su, kuma ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko man fetur a ciki ba.

Ku ma iyayenmu mata, masu ɗan waken gamana ko na iri: tukunya da toka sun isa. Awo ɗaya na wake, awo ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka, a cakuɗa, a rufe sama da toka, a liƙe murfi da laka.

To, ina amfanin yaɓe ga mai buhu? Buhun nan abokin gabarsa kusu ne. Huji ɗaya ya ɓata aikin. Saboda haka ɗakin da za a ajiye shi yana son daɓe mai ƙarfi da bango marar kafa, a ɗora buhunan bisa itace, kada su jingina da bango.

Maganar magani

Dattawa sun tuna lokacin da ake barbaɗa DDT da gamalin a rumbu. Yau an san illarsu ga mutum. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta hana DDT a aikin gona, sinadarin gamalin kuma aka sa shi cikin jerin haramtattu a 2009. Kada ka kwaɓa wani magani cikin yaɓe, kada kuma ka sayi garin da ba suna a kasuwa. Ƙwayar nan mai fitar da iskar guba, wadda ake jefawa cikin buhu, tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. A ruhewa iskar tata zurarewa take ta kafofi, ƙwari su tsira, mutanen gida su shaƙa. Ba a ajiye ta a ɗakin kwana, ba a kuma tura yaro cikin rumbun da aka sa ta. In kana ganin sai da magani, ka nemi malamin gona na yankinku.

Yaushe za a yi aikin?

Lokaci biyu ne. Na farko bazara, watan Afrilu da Mayu, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. A kwashe sauran a buhuna, a yi yaɓe, ya bushe sarai kafin ruwa ya sauka. Wahalarsa ƙarancin ruwa, da zafin da ke busar da yaɓe da gaggawa har ya tsage. A yi aikin da sassafe, a rufe bakin da zana don ya bushe a hankali. Na biyu ƙarshen damana, lokacin da tabki ke da ruwa da laka. Wahalarsa hannu ya yi ƙaranci saboda girbi, iska kuma da sauran laima. Shawararmu ita ce babban gyara a yi shi da bazara, a ƙarshen damana kuma a sake leƙawa, a toshe abin da ya tsage, a shafa farar ƙasa.

Ko yaushe aka yi, kada a zuba amfani sai cikin ya bushe ƙarau. Ka kifa ƙwarya a ƙasan rumbun da dare. In da safe ka iske wurin ya yi duhun danshi, da saura. Shi ma hatsin a gwada shi: a zuba kaɗan a busasshiyar kwalba da gishiri busasshe, a rufe, a girgiza, a jira. In gishirin ya manne a jikin kwalba, a mayar da hatsin rana. Kuma kada a zuba sabo a kan tsoho. Tsohon a fara ci.

A taƙaice, mai ruhewa ya riƙe laka da ƙaiƙayi da kashin shanu, ya goge da dutse, in da hali ya bi da farar ƙasa. Mai ɗakin ajiya ya ƙara da daɓen bagaruwa. Siminti a bar wa mangazar da aka gina da bulo. Mai rumbun zana ya sake kara da zana, ya tsare dirkoki. Wake kuma a rufe shi inda ba iska. Aikin ya fi sauƙi in an yi gayya: magidanta huɗu ko biyar su haɗa amalanke su ɗebo laka rana guda, su bi rumbunansu ɗaya bayan ɗaya. Ku tattauna wannan a taron masu sauraron rediyo na garinku, ku kuma tambayi tsofaffin magina inda ake samun laka mai kyau a kusa da ku, sa'an nan ku aiko mana da abin da kuka gwada, don sauran garuruwa su ji.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana abin da muka noma. Amin.